Ina Tsakar Gidanki, Uwargida?

Yau ba da zancen girki ko kwalliya na zo muku ba, zancen gini ne. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da gini, ai aikin maza ne, mu namu jere. Haka ne, su ke sayen fili, su ke biyan birkila. Amma wa ke wuni a gidan? Maigida ya fita tun hantsi, sai magariba ko bayan isha'i. Ke za ki sha zafin ɗaki, ke za ki shaƙi hayaƙin kicin, ke za ki rasa inda za ki shanya zanin goyo. Wanda ya zana gidan bai taɓa ɗora tukunya a cikinsa ba, kuma ba zai ɗora ba har abada. Saboda haka in akwai mai bakin magana a kan fasalin gida, to ke ce.

Abin da na zo suka shi ne irin gidajen da ake yayi a nan tsallaken kogi, wato kudancin garin Kaduna, tun daga Barnawa, Narayi, Kakuri, Television, Sabon Tasha, har can Gonin Gora. In kin ga ɗaya kamar kin ga dubu ne. Fili ƙafa 50 da 100, an zagaye shi da doguwar katanga, an ɗora mata waya mai ƙaya ko fasassun kwalabe. Ki buɗe ƙaton get ki tarar da fili an shafe shi da intalok, wurin mota ke nan. Sai gidan kansa ya zauna daram a tsakiya kamar akwati, falo a gaba, ɗakuna a ciki, kicin a can ƙurya. Abin da ya rage na filin sai ya zama lungu-lungu a gefe da baya. Ki yi lissafi da kanki: in faɗin fili ƙafa 50 ne, gini ya ci 36, saura 14, a raba biyu, kowane gefe ya tashi da ƙafa 7. Me za ki yi da lungu mai ƙafa 7? Nan ake jibge tankin ruwa da janareta da murfin sokawe. Ba ya ɗaukar tabarmar mutum huɗu, ba ya shan iska, rana ma sai ta take tsaka take leƙa shi.

To ina tsakar gida? Babu. An cinye ta.

Bari in koma baya kaɗan don ki ga inda muka samo wannan fasali, don ba daga sama ya faɗo ba. Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Zariya ko Kano ko Katsina. Turawa suka kafa ta, Lugga ya dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Da suka tashi gina wa kansu gidaje a unguwarsu, sai suka kawo irin wanda suka saba da shi a ƙasar Indiya: gida a tsakiyar makeken fili, baranda ta zagaye shi, bishiyoyi ko'ina, kicin da ɗakunan barori a can baya. Ga Bature wannan ya yi daidai. Fili gare shi har ya yi yawa, matarsa ba ta daka, ba ta surfe, kuku ke mata girki. In ya zauna a baranda babu maƙwabcin da ke ganinsa don maƙwabcin na can nesa bayan itatuwa. Mu kuma sai muka ɗauko gidan muka bar filin. Muka cusa shi a ƙafa 50 da 100, muka yanke baranda don a ƙara girman falo, muka sare bishiya don mota ta samu wurin juyawa. An ɗauki jiki an bar rai.

Gidan iyayenmu kuwa kishiyar wannan ne. Shi ɗakunan ne ke bin gefe, fili ya zauna a tsakiya. Ki tuna gidan kakarki a cikin birnin Zariya ko Kano. Daga titi sai zaure, nan maigida ke ganawa da baƙinsa, nan almajiri ke tsayawa, nan mai talla ke sallama. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa kallon juna, da gangan aka karkata su, don wanda ke waje kada idonsa ya zarce ciki. Daga nan sai ƙofar gida, inda samarin gida da baƙi maza ke kwana. Sai shigifa, wadda ba mai wuce ta sai muharrami ko wanda aka yi wa izini. Sannan ki faɗo tsakar gida, duniyar mata. Ga rumfa, ga murhu, ga rijiya, ga turmi, ga bishiyar lemo ko ɗan zogale, ga sama a buɗe. Mace na iya ɗaura zani a ƙirji ta yi aikinta, ta yi kitso, ta yi wankan jego, ta shanya tsaki, ta soya ƙosan sayarwa, yara na wasa a gabanta, ba wanda ya gan ta. Da dare a bazara a fito da tabarmi a kwana a farin wata. Kin ga an haɗa biyu ke nan, ga sutura ga sarari. Ba a ce sai ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba.

Wani Bajamushe mai suna Friedrich Schwerdtfeger ya zauna a Zariya ya auna gidajen birni ɗaki-ɗaki, ya fitar da littafi a kansu a 1982. Wani Baturen Ingila, Moughtin, shi ma ya rubuta nasa a kan ginin Hausawa a 1985. Su suna zuwa daga uwa duniya suna awo suna rubutawa, mu muna rushewa muna kwaikwayon gidan da su kansu suka bari.

Kuma kada wata ta ce ai wannan zancen matan kulle ne kawai. A'a. Gbagyi da Turawa suka tarar a bakin kogin nan, gidajensu ɗakuna ne zagaye da fili. Maƙwabtanmu Bajju da Atyap da Yarabawa da Ibo da suka cika wannan tsallake, kowacce in kin tambaye ta gidan da ta tashi za ta ce miki akwai tsakar gida. Mai zuwa coci da mai zuwa Islamiyya duk turmi ɗaya suke nema wa mazauni, kuma babu wadda ke son a ƙirga mata kamfai a kan igiya.

Ban ce gidan da ba shi da aibu ba, don na san masu musu suna nan. Ɗakunansa duhu gare su, taga kamar ramin ɓera. Makewayi ɗaya tal ga mutum ashirin, ga shi can ƙarshen gida, mai ciki ta fita cikin ruwa da tsakar dare. Duk shekara sai an yi yaɓe, in an yi sakaci damina ta kwantar da bango. Ga zaman kishiyoyi da faccaloli a tsakar gida ɗaya, wanda kowa ya san abin da yake haifarwa. Gidan zamani ya kawo bayi a cikin ɗaki, ya kawo famfo, ya kawo ragar sauro a taga, ya ba miji da mata sirrinsu. Wannan duk alheri ne, ba mai son a koma baya. Tambayata ita ce, don an ba mu bayi a ɗaki dole ne a ƙwace mana sama?

Tsallaken nan namu kuwa yana da nasa tarihin daban. Masaƙu suka tara mutane a nan. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, a shekarun 1960 Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina, masu filaye a Kakuri da Makera da Nasarawa suka shiga gina gidajen haya: ɗakuna jere a dama, ɗakuna jere a hagu, ƙofa na kallon ƙofa, siririn fili a tsakiya. Nan akwai sarari amma ba sutura ko ta anini. Abin da kika dafa an sani, wanda ya zo wurinki an sani, in kun yi cacar baki da maigida kafin gari ya waye labari ya kai bakin famfo. Gwauro na zaune a ƙofar ɗakinsa, ke kuma dole ki ratsa ta gabansa da buta. Duk wadda ta yi wannan zama, burinta a duniya ta samu gidan da za ta rufe ƙofa ba mai ganinta. Ina ganin daga nan ne yawancinmu muka ɗauki tsanar tsakar gida, muka ɗauka ita ce matsalar, alhali matsalar tarayya da baƙin ido ce. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu, amma gidajen hayar suna nan cike da mutane.

In kina son hujjar da ta fi kowace ƙarfi, ki zaga rukunin gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi na Barnawa, irin waɗanda ake kira da sunan Shagari. Gwamnatinsa, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma kusan zane iri ɗaya aka bi ƙasar nan da shi, ba a tambayi wa zai zauna ba. To je ki ga yadda suka koma. Da ƙyar za ki gane asalin ginin. Wannan ya ja katanga ya killace bayan gida, wancan ya kafa rumfar kwano don murhun itace, wani ya yi ɗan ɗaki a bakin ƙofa don baƙi maza, wanda ba komai ba ne illa zaure da aka sake wa suna. Ba wanda ya yi musu lacca. Zama ne ya koya musu, suka zaro kuɗi daga aljihunsu suka mayar da abin da mai zane ya cire. Ni a ganina duk mai koyon zanen gida a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya kamata a turo shi ya wuni a nan da littafinsa, ya rubuta abin da mutane suka ƙara. Abin da suka ƙara shi ne abin da ya manta.

Sai kuma abin da ba ma son tunawa. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun canza zaman garin nan. Mutane suka yi ta ƙaura, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka gangaro kudu, kowa na neman inda zai kwana da ido biyu a rufe. Daga baya ga 'yan fashi, ga masu satar mutane. Katanga ta yi ta tsawo, taga ta sha ƙarfe, get ya zama kamar na gidan yari. Ba zan zargi kowa a kan wannan ba, wanda ya ga abin da aka gani dole ya yi taka-tsantsan. Amma ki lura da wani abu: tunda an riga an kashe kuɗi an yi katanga mai tsawon nan, ai an samu suturar da ake nema. Me zai hana a bar fili mai amfani a cikinta? Sai ya zama mun biya kuɗin katanga, ba mu ci ribarta ba. Filin kirki ɗaya da ke gidan shi ne na gaba, shi kuma na mota ne da maigadi. Da an wangale get duk mai wucewa ya hango har ƙofar falo, in ƙofar a buɗe take ya hango har kujerar da kike kai. Uwargida ba ta isa ta zauna nan ba sai da hijabi ko mayafi, a cikin gidanta. Mota ta samu tsakar gida, matar gida ta samu lungu.

Ki shigo cikin gidan kuma. Baƙon maigida ya zo, an zaunar da shi a falo. Falon nan shi ne hanyar ɗaki, shi ne hanyar kicin, wani gidan ma shi ne hanyar bayi. Shi ke nan an ɗaure ki. In kina kicin kin maƙale a kicin, in kina ɗaki kin maƙale a ɗaki, har sai sun gama hirar siyasarsu da ƙwallonsu. Na taɓa zama gidan haya irin wannan, wata rana tuwona ya kama a kan wuta ina jin ƙaurinsa daga uwar ɗaka, ba halin fitowa, don abokan maigida biyar sun baje a hanya kuma mayafina na kan igiya a waje. Masu kuɗi sun gane wannan sai suka ce a yi falo biyu, na maigida da na uwargida. Madalla, zaure ya dawo ke nan da kujerun kushin. Amma falon uwargida ba zai maye tsakar gida ba. Ba a daka a kan tayil, ba a hura gawayi a ƙarƙashin silin, ba a yanka kaza a gaban talabijin. Ranar suna ko biki kuwa sai a fita titi a kafa rumfa a tare wa jama'a hanya, manyan tukwane a bakin kwata, matan da aka ce ana suturtawa ga su nan a bainar jama'a suna tuƙa tuwo.

Zancen zafi shi ne ya fi ci mini rai, don shi ya shafi lafiya. Watan Maris da Afrilu a Kaduna ba sai an ba ki labari ba. Bulon siminti ba shi da kauri, ga rami a cikinsa, rana na dukansa zafi ya ratso. Kwano ya gasu tun hantsi. Intalok ɗin da aka shafe fili da shi ya sha rana wuni guda, da dare ya riƙa amayar da ita ta taga. Tagar kuma irin mai zugewar nan ce ta gilashi, wadda ko kin buɗe ta iya buɗewa rabi ne kawai ke buɗe, ba kamar luba ta da ba, da ake karkatawa iska ta shiga ta ko'ina. Sannan a gaban tagar, ƙafa 7 kacal, ga katanga ta tare iskar. Iska kuwa ba ta shiga ɗaki sai ta ga ta inda za ta fita, ɗakin da tagarsa ɗaya ce ko duk suna bango ɗaya, tulu ne. An gina gidan ne bisa zaton akwai wuta dare da rana, fanka na juyawa, na'urar sanyi na aiki. Ke kin san gaskiyar wutar garin nan. In an ɗauke, sai a tayar da janareta a lungun nan dai, ƙarƙashin tagar ɗakin yara, hayaƙinsa na shiga. Hayaƙin nan yana kisa ba tare da mutum ya farka ba, kuma an sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba a ƙasar nan. Haka gawayi a rufaffen kicin, yanzu da tsadar gas ta mayar da mata da yawa kan murhu. Likitoci kuma kullum gargaɗinsu a kan sanƙarau shi ne a guji cunkoso a ɗakin da ba iska, waɗanda suka ga annobar 1996 ba su manta ba. Da, in ɗaki ya yi zafi sai a fito tsakar gida. Yanzu a fito ina?

Wani abin dariya ma shi ne rufin da ake yayi, mai tsini kamar zai taɓo gajimare, baƙi ƙirin ko ruwan toka. A Turai suna tsayar da rufi haka ne don ƙanƙara ta zame. Mu wace ƙanƙara muke da ita a Narayi? Baƙin launi zafi yake sha. Ga shi an tsawaita shi sama amma an gajarta leɓensa, bai sauko ya yi wa bango inuwa ba, bai kare taga daga feshin ruwa ba. Katakon da kwanon da aka ɓarnatar a tsinin nan sun isa a yi baranda mai faɗin da za ki shimfiɗa tabarma biyu. Amma baranda a bayan gida ba ta burge mai wucewa, tsini kuwa ana hango shi tun daga bakin titi.

Sai bene. Fili ya yi tsada, kowa na hawa sama, ba laifi. Laifin shi ne mai bene ya buɗe ƙatuwar taga ko baranda tana kallon cikin gidan maƙwabci. Wata 'yar uwata da ta yi sa'ar ɗan fili a bayan gidanta, shekara da shekaru tana shan iska a wurin, rana ɗaya aka tayar da bene a jikin katangarta, aka zuba samari 'yan haya a sama. Yanzu ko shanya za ta yi sai ta yi shiri kamar mai zuwa kasuwa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan wannan, a cikin Risala ma da ake karantawa a zaure an hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci, an hana shi saita ƙofarsa da ta maƙwabci. Hukumar KASUPDA da ke sa hannu a zanen gini a jihar nan, yadda take duba tazarar gini da titi, ya kamata ta riƙa duba inda tagar bene ta dosa. Maganin ma ba wuya: a ɗaga tagar sama da tsayin ido, ko a yi mata gilashi mai hazo, ko a juya ta ta kalli cikin gidan mai ita.

To akwai wanda ya gwada haɗa zamani da tsakar gida ya yi nasara? Akwai, kuma mace ce, shi ya sa na ji daɗin kawo miki ita. Sunanta Mariam Issoufou Kamara, 'yar Jamhuriyar Nijar. Ilimin kwamfuta ta fara yi a Amurka, daga baya ta bar shi ta koma karatun zanen gini. Ita da abokan aikinta suka gina wasu gidaje guda 6 a birnin Yamai da ake kira Niamey 2000, aka gama a 2016. Da bulon ƙasa suka yi su, wanda ake matsewa da inji, ba tubalin hannu ba. Gidajen bene ne, a manne da juna don kada a ɓarnatar da fili, amma kowanne da tasa tsakar gidan a killace da wurin shan iska a sama. Sun ce daga tsofaffin birane irin Kano da Damagaram da Tambutu suka ɗauko dabarar. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2022. Ita ce kuma, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, a 2018.

Abin da ya burge ni a hotunan gidajen Yamai shi ne ba su yi kama da gidan tarihi ba. Ba zanko, ba zanen dagi don a burge baƙi. Gida ne na ma'aikaci na yau, mai wuta da famfo. Daga titi kusan ba abin da za ki gani sai bango da ƙananan tagogi, duk buɗewar gidan ciki ta kalla. Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali yake shan zafi, kafin ya ratso rana ta faɗi. Amma ba zan ce a kwafo shi sukutum a dasa a Sabon Tasha ba. Ruwan da ake yi a Kaduna ya kai ninki biyu na Yamai, saboda haka ginin ƙasa a nan sai da harsashin dutse ko kankare mai tsawo da rufi mai dogon leɓe, musamman ta gabas inda hadari ke tasowa. Unguwannin bakin kogi kuwa da suka ga ambaliyar 2003, su sai a yi hattara ƙwarai. Tsakar gidajen nata ma a idona sun yi ƙanƙanta ga mai 'ya'ya takwas da surukuwa, kuma hawa bene ba na tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ne. Sannan akwai aikin shawo kan mazanmu, da suke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce ko da an matse shi da inji. Dabarar ce abin ɗauka, ko da bulon siminti za a yi.

Kuma wallahi ƙafa 50 da 100 ta isa. Maimakon akwati a tsakiya, a lanƙwasa ginin ya bi gefe biyu ko uku na filin, a bar tazarar da hukuma ta ce, sauran filin a tara shi wuri guda ya zama tsakar gida ko da ƙafa 20 da 20 ce. Falon baƙi ya zauna a gaba da ƙofarsa da bayinsa, kada ya zama hanyar kowa. Tsakanin wurin mota da cikin gida a ja ɗan bango da ƙofar da ba ta kallon get, shigifa ke nan ta dawo. Kicin ya buɗe ƙofa kai tsaye zuwa tsakar gida, da rumfa a bakinsa don murhu da turmi. Kowane ɗaki ya samu taga ta ciki babba da ta waje ƙarama a sama, iska ta shiga nan ta fita can. Ɗakunan za su ɗan ragu da girma, gaskiya ne, uwar ɗakin da ake yi kamar filin ƙwallo dole ta tsuke. To me kike yi da ita in ba kwana ba? A bar ƙasa a buɗe a wani sashe don ruwa ya nutse, a gyara rariya da kyau don kada tsakar gida ta zama tafkin sauro a watan Agusta. A dasa bishiya ɗaya, lemo ko gwaiba, ba mangwaro ko darbejiya a jikin bango ba, don saiwarsu na fasa gini.

Matsalar ita ce yawancinmu ba ma ganin zanen gida sai an kai linta. Maigida ya je wurin mai zane, ko ma ya karɓo na abokinsa ya ba birkila, ke sai dai a kai ki ki ga "gidanki" ana shafe. A lokacin bakin alƙalami ya bushe. Ki nemi ganin takardar tun ba a haƙa harsashi ba, cikin ladabi da dabara irin tamu, bayan ya ci ya ƙoshi. Ba sai kin iya karatun injiniya ba. Ki ce, "Maigida, nuna mini inda zan ajiye turmi. In Alhaji wane ya zo yana falo, ta ina zan bi in je kicin? Ranar da ba wuta, ina yara za su kwanta?" In yatsansa ya rasa inda zai nuna, to a koma wurin mai zane. Gyaran layi a takarda kuɗin fensir ne, gyaran bango kuwa buhunan siminti ne.

Ke kuma da ke gidan haya ko wadda aka riga aka gama nata, ki duba lungun bayan kicin ɗinki. Sau da yawa in aka matsar da tanki, aka kai janareta can gaba kusa da get nesa da tagogi, aka ɗaga intalok layi biyu aka zuba ƙasa, za a samu wurin tabarma ɗaya da tukunyar zogale. Zana ko asabari a kan ƙarfe biyu sun isa su tare idon mai bene. In mai gidan hayar ya ce ba a taɓa masa intalok, to rabin durom ma ana shuka a ciki.